Mabuɗin Yana Wuyana

Matakala ɗari da goma sha bakwai
daga bakin titi zuwa ƙofata.
Shekara tara ina ƙirga su,
asuba in gangara, dare in hau,
hannuna na ƙarnin kifin kasuwar Jagalchi,
tekun Busan na kwance a bayana, bai ce uffan ba.

Ranar da na tare a gidan nan
na miƙa wa Byeon Gi-tae kuɗin ajiya,
won miliyan arba'in:
gumin wuƙata, da diyyar mijina
da jirgin su ya fita da shi, ya dawo babu shi.
Ya ƙirga, ya lashi yatsa, ya sake ƙirgawa.
Ya ce, "Amana ce, Geum-rye,
ranar fita ki karɓi abinki."

Washegari 'yata ta ja ni ofishin unguwa.
Na ce gwiwata, ta ce ko a goye ne sai kin je.
Wata yarinya mai tabarau ta rubuta sunana a adireshin,
ta buga wa takardar haya hatimi mai kwanan wata.
Na naɗe ta a leda,
na cusa bayan tulun kimchi, na manta.

Bana kamfani ya ƙyalla ido a kan tudunmu.
Sai ga Byeon da kwalin lemo, yana yaƙe haƙora:
"Ƙarshen wata ki kwashe kayanki."
Na ce to, kuɗina fa?
Ya dubi rufi. Ya dubi takalminsa.
Wai danshi ya ci bango, wai famfo na ɗiga,
ga ƙunar tukunya a daɓe,
sai an zauna an lissafa,
kuma kuɗin ma sun maƙale a wani gini can Gimhae,
in fita tukuna, za su biyo ni.

Za su biyo ni!
Ni za a koya wa jiran abin da ya tafi?

Danshin nan ya girme ni a ɗakin, a nan na tarar da shi.
Famfo kuwa, sau uku na kira, sau uku ka ce gobe.
Ƙunar tukunya tawa ce, ban musa ba.
Cire kuɗinta. Ba ta kai kwandon kifi ɗaya ba.

Na zaro ledar, tana warin tafarnuwa,
na kai wa wani lauya da ke duba talaka kyauta.
Yaro ne, sa'an jikana, wuyan rigarsa ya sha guga.
Ya ɗora yatsa a kan hatimin, ya daɗe.
Ya ce, "Iya, kada ki fita hannu rabbana,
kada ki cire sunanki daga adireshin.
Mabuɗi da kuɗi rana ɗaya suke musayar hannu.
In tashi ya zama dole,
sai kotu ta rubuta haƙƙinki a rajistar gidan tukuna."
Ban gane duka ba. Na gane zauna.

Maƙwabta sun watse. An fesa wa ƙofofinsu jan fenti.
Kyanwoyi ne ke gaishe ni yanzu.
Ran Talata ruwa ya ɗauke, a gidana kaɗai.
Na yi hoton bakin famfon, kamar yadda yaron ya ce,
na ɗauki jarka biyu na gangara.
Ɗari da goma sha bakwai, sau biyu a yini.
Wanda ya yi shekara arba'in yana feɗe kifi a sanyi
ba ƙishirwar kwana shida za ta kore shi ba.

Na ɗaura mabuɗin da zaren koma,
na rataya a wuya, yana kwana a ƙirjina.

Yau da yamma na hango shi yana hawowa,
takardar kotu ta isa gare shi, na sani daga tafiyarsa.
Ya tsaya a ta tamanin, ya dafa bango yana haki.
Aljihun kwat ɗinsa ya ɗan tasa.
Ko ambulan ne, ko wani goben ne ya naɗo,
ban sani ba.

Na ɗora ruwan sha'ir a wuta
daga jarkar da na ɗauko da kaina.
Kofi biyu na fitar.
Saura masa talatin da bakwai.